Ba kowane zane ba ne Sali

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW). Bayan haka:

Wata uwa ta kawo mana wayar 'yarta bayan azahar, ta ce, "Malam, duba min abin nan, ni dai na ɗauka Sali ce." Muka duba, ashe guntaye ne da aka ɗora a intanet daga wani wasan Jafan mai suna Sono Hanabira ni Kuchizuke wo, wanda Fuguriya suka fara fitarwa a 2006, suka yi ta ƙara masa kashi bayan kashi. Labari ne na karantawa a kwamfuta: hoto a sama, rubutu a ƙasa, murya tana bi. Irinsa suke kira yuri, wato soyayya tsakanin mace da mace, kuma a makarantar 'yan mata aka gina shi. Masu shi da kansu don manya suka yi shi.

Uwar nan ba ta yi wauta ba. Manyan idanun nan da salon zanen duk ɗaya ne da na Sali, wadda aka yi a Jafan a 1985, iyayen yau suka kalle ta da Larabci suna yara. Mu malaman Larabci ma mun ci riba: ɗalibin da ya tashi da Spacetoon kunnensa ya saba da fusha kafin ya buɗe Ajrumiyya. Sai dai waɗancan sai an tace su kafin su iso gidajenmu. Waya kuwa ba ta da mai gadi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, makarantun Gadarif da yawa suka zama masaukin waɗanda suka gudo daga Khartum da Madani, waya ta zama abokiyar hirar yara.

To mu auna labaran biyu. Sali mahaifinta ya rasu, dukiya ta tafi, shugabar makaranta ta mayar da ita 'yar aiki. Ita da Fiki suna kwana a saman soro cikin sanyi, suna raba ɗan abin da suka samu. Yarinyar da ta baro gidansu da jaka ɗaya ta san wannan labarin a jikinta, kuma za ta koyi haƙuri da riƙon amana. Wancan wasan fa? Ba yunwa, ba aiki, iyaye suna can gefe, makarantar ma ado ce kawai. Mutum biyu ne suna kallon juna daga farko har ƙarshe. Ko a ma'aunin labari, mara nauyi ne.

Hukuncin abin da yake nunawa a shari'a sananne ne, haramun ne, ba sai mun tsawaita ba. Abin da ya fi damun mu shi ne yana koya wa yarinya ta fassara ƙawance da wata fassara daban. 'Yan matanmu suna tafiya islamiyya hannu da hannu, suna yi wa juna kitso da lalle, suna kuka tare ranar da aka kai ɗaya gidan miji. Wannan zumunci ne mai tsabta.

Saboda haka, iyaye, a kula. Kada a tashi daga wannan karatu a fara zargin kowace yarinya da ƙawarta. Mugun zato zunubi ne, kuma zai rusa abin da muke son karewa. A zauna a kalla tare da su, a tambayi sunan abin da suke kallo, a yi nasiha ba da bulala ba. Ku kuma ɗalibai, in kun ci karo da abin da ba za ku iya kunnawa a gaban mahaifiyarku ba, kun riga kun san amsa.

Yarinyar nan mun ce a mayar mata da wayarta, bayan ta goge abin da hannunta. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya dawo mana da zaman lafiya. Allah ne mafi sani.