Saurin Kiɗa da Mazaunin Murya a Waƙar Fim: Abin da Manhajar Hausa Ta Tsallake

Manhajar Hausa da Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, wadda ke Sheda a Abuja, take tsarawa ta ba wa waƙa gurbi mai faɗi. Sai dai hanyoyin nazarin da malamai suka saba da su, irin Gadon Feɗe Waƙa na Ɗangambo da Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Gusau (1993), an gina su ne a kan rubutacciyar waƙa da waƙar makaɗan gargajiya. Ita kuwa waƙar fim, wadda ɗalibi ya fi saurare a gida, tsarinta daban ne.

A ɗauki waƙar fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya (1999). Ba a tara makaɗa domin ta ba. Da fiyano samfurin Yamaha aka kwaikwayi amon kayan kiɗan gargajiya. Wannan ya juya wata tsohuwar ƙa'ida. A wajen Mamman Shata, masu kalangu ne ke bin bakin mawaƙi: in ya ja ɗa su jira shi, in ya taƙaita su rufe. A sutudiyo kuwa, ana tsayar da saurin kiɗa tun kafin a buɗe baki. Idan an saita bugu 120 a minti ɗaya, kowane bugu rabin daƙiƙa ne, kuma na'ura ba ta jiran kowa.

Nan ne matsalar harshe take. Hausa tana bambanta ma'ana da tsawon wasali da kuma karin sauti. Gari na mutane da garin tuwo tsawon wasalin farko ne kawai ya raba su. Kukan hawaye da itacen kuka kuwa karin gaɓar ƙarshe. Mawaƙin da ya cusa gaɓoɓi masu nauyi cikin gurbin da ya yi musu kaɗan dole ya gajarta dogon wasali, wanda kuma ya bi hawa da saukar fiyano ido rufe zai ɗaga gaɓar da ya kamata ta sauka. Mai sauraro yakan gano manufa daga sauran kalmomi, shi ya sa ba a cika kuka da abin ba. A ganinmu, ƙarfin Sangaya yana cikin gajerun ɗiyanta da yawan amshi, waɗanda suka bar wa kalma sararin numfashi. Da yawa daga waƙoƙin da suka biyo sahunta sun ɗauki kiɗan, suka bar wannan.

Sai batun mazaunin murya, wato matakin sautin da waƙa take komawa ta huta a kai. Yawancin waƙoƙin fim musayar baituka ne tsakanin namiji da mace a kan mazauni ɗaya. Idan an zaɓe shi domin muryar mace, namiji yakan matse maƙogwaro, sannan a daidaita sauran da kwamfuta. (Wannan siririyar murya mai kama da ta ƙarfe, da wasu ke ɗauka salo ce, sau da yawa gyaran kuskure ce.)

Masu saka kiɗa a bukukuwan Abuja sun ƙara wani mataki, domin suna sarƙa waƙa da waƙa ba tare da tsayawa ba. Mazaunai biyu da ke da tazarar mataki biyar sun yi tarayya a sautuka shida cikin bakwai, don haka suna shiga juna lami lafiya. A zamanin kaset, ƙara sauri da kimanin kashi 6 cikin ɗari yana ɗaga murya da rabin mataki. Manhajojin kwamfuta na yanzu suna ƙara saurin su bar muryar a inda take, amma wasalin da aka riga aka matse sai ya ƙara matsuwa.

Malamin aji ba ya buƙatar fiyano kafin ya koyar da wannan. Ya isa ya sa ɗalibai su tafa bugun waƙa na minti ɗaya su ƙirga, su rubuta baiti guda, su sa alamar tsawo da ta karin sauti, sannan su kwatanta da yadda aka rera shi.