Faya-fayan Garmaho na Ƙarshe da Masu Tara Su

Tsohon faifan garmaho mai juyi 78 a minti ɗaya da shalak ake yin sa, wani irin ƙaro da ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan. Ga nauyi, ga saurin fashewa, kuma kowace fuska waƙar minti uku zuwa huɗu take ɗauka. Da kamfanin Columbia ya fito da dogon faifan roba a 1948, RCA Victor kuma ya biyo baya da ƙarami mai juyi 45 a 1949, sai kasuwar tsohon faifan ta fara mutuwa. Kafin 1960 manyan kamfanonin Amurka sun daina buga shi, Ingila ma ta bi sahu.

Faya-fayan waɗannan shekaru na ƙarshe suna cikin waɗanda masu tarawa ke rububi a kansu. Kaɗan aka buga, tunda masu saye sun riga sun juya baya, kuma sautinsu ya fi na magabatansu fita tas, domin a lokacin an koma ɗaukar murya a tef. Gwanin tarawa yakan karkata faifai ga haske ya duba layukansa. In sun yi fari-fari, ya san allurar ƙarfe ta cinye su. Ba ya goge shi da sinadari mai barasa, domin tana narkar da shalak, kuma ba ya barin sa kusa da zafi.

Sai dai faifan bai mutu rana ɗaya a ko'ina ba. Inda lantarki bai kai ba, garmahon da ake wanawa da hannu ya ci gaba da aiki. Shi ya sa masana'antar Dum Dum da ke kusa da Kalkata ta buga waƙoƙin ƙungiyar mawaƙan Beatles a faifan 78 cikin shekarun 1960, waɗanda yau ake saye da tsadar gaske. A Afirka ta Yamma ma, a irin wannan faifai kamfanin Decca ya yaɗa kiɗan E.T. Mensah na Ghana a shekarun 1950.

A nan nake ganin al'adar tarawa ta karkace. Kuɗi ya fi bin sunan da ya riga ya shahara, alhali waƙoƙin Beatles ba su cikin haɗarin ɓata. Wanda ke cikin haɗari shi ne mawaƙin gida da aka ɗauki muryarsa sau ɗaya, ba a kuma sake buga ta a roba ko kaset ba. Faifansa na fashewa, shi ke nan an rasa waƙar.

Saboda haka mai tarawa na ƙwarai ɗan amana ne. Haƙƙi ne a kansa ya kwafe sautin a kwamfuta, ya rubuta sunan mawaƙi da lambar faifai, ya ba ɗakunan adana tarihi kwafi, domin jikokin masu waƙar su samu su ji.