Layukan Gawayi a Bangon Zaure

A bangon zauren baffana da ke Mabera a Sakkwato akwai wasu layuka na gawayi, ɗaya bisa ɗaya kamar matakan tsani. Baƙo zai ɗauka ɓarnar jikoki ce. Na ƙasa ya yi daidai da ƙirjin mai gidan, na sama kuwa ya zarce hularsa da kusan taƙi biyu. Wata bakwai ne tsakaninsu. Wanda ya ja su wani matashi ne ɗan unguwar, likitan gashin ƙashi, kuma tun da na zauna na kalli yadda yake aiki na daina ɗaukar sana'arsu a matsayin tausa mai takardar shaida.

Baffa yana jinyar cutar da muke kira kansar mafitsara. Sunan ya ɗan kauce hanya, domin ba mafitsarar ce ta kamu ba. Wani ɗan ƙullutu ne da bai fi goro guda ba, furostet, wanda ke ƙarƙashin mafitsara ya rungume hanyar fitsari. Ita ce kansar da ta fi kama maza a Najeriya; ƙiyasin cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna sababbin kamu sama da 15,000 a shekarar 2020 kaɗai. Duk wata uku ana yi wa Baffa allurar Zoladex a fatar ciki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Allura ta karɓe shi, fitsari ya saki, lambar gwajin jinin nan na PSA ta sauko, muka fara sakin jiki. Sai kafaɗar dama ta ce ba ta san zancen ba.

Abin yana da asali. A 1941 wani likita a Jami'ar Chicago ta Amurka, Charles Huggins, ya nuna cewa wannan kansa da sinadarin mazakuta take rayuwa, wato testostiron, kuma in aka yanke mata shi sai ta lanƙwashe. Wannan ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1966, kuma har gobe a kan wannan tubali ake jinyar, ko da allura ko da tiyatar cire 'ya'yan maraina. Sai dai sinadarin da ke ciyar da cutar shi ne kuma ke riƙe da tsoka da ƙashin namiji. In ya tafi, dantse ya zube, ƙashi ya rage ƙwari, teɓa ta fito, gaɓoɓi su riƙa ciwo, suga ma kan iya hawa, mai suga kuwa ya fi kowa saurin samun sandarewar kafaɗa. A ɗaya gefen, wannan kansa ba ta da wurin zuwa yawo kamar ƙashi: gadon baya, ƙugu, haƙarƙari, cinya, wani lokaci kan ƙashin dantse ko allon kafaɗa. Saboda haka in irin Baffa ya ce kafaɗarsa na ciwo, magana ɗaya ce amma abu biyu take iya nufi. Ɗaya maganinsa motsi ne. Ɗayan kuwa, motsin nan shi zai iya karya ƙashin.

Mu a gida ba mu san wannan ba. Wata gwaggo ta ce sanyi ne, a kira wanzami ya yi ƙaho. Wani ya ce akwai maɗori da ba a kai masa hannu ya dawo yadda ya je. Ni kuma, mai boko, na sayo kwalin maganin ciwon jiki a kemis, ban san cewa irin su diklofenak suna wahalar da ƙodar dattijon da fitsari ya taɓa tsaya masa ba. Ba na raina maɗora, na ga ƙafar da suka miƙar. Amma ɗori aikin ƙashin da ya karye ne yana da lafiyarsa, ba ƙashin da ake zargin wani abu na cinsa daga ciki ba.

Likitan gashin ƙashin ya zo bayan la'asar. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe da Baffa, ya zauna gefen tabarma. Na zaci zai fito da wata na'ura daga jakarsa. Kusan minti ashirin bai taɓa shi ba, tambaya kawai yake yi.

"Baba, ciwon nan, yaushe ya fi matsa maka?"

"Da dare, ɗana. Shi ka hana ni kwana."

"In ka juya ka kwanta ta hagu, ka tokare hannun da matashi, yana lafawa?"

"Yana lahwawa. In na manta na birkito bisa gare shi ne ni ka jin kamar an soka man mashi."

Na ga ya gyaɗa kai. Daga baya ya bayyana mini cewa duka ciwon biyu suna tashi da dare, don haka jin an ce "da dare" bai isa hujja ba. Na gaɓa yana da dalili: an danne shi, ko an miƙa hannu da sauri, kuma in aka gyara kwanciya sai ya yi sauƙi. Na ƙashin da kansa ta shiga kuwa ba ruwansa da yadda ka kwanta, gurgura yake yi kamar gara, kullum yana ƙaruwa. Ya tambayi ko akwai sagewa ko tsiyayar ciwo zuwa yatsu, ko ƙafa ta fara nauyi, ko fitsari da bayan gida sun canja. Waɗannan, in ji shi, in sun bayyana ba a jiran gobe, domin alama ce ana danne lakar gadon baya, kuma kwana biyu na jinkiri kan iya zaunar da mutum. Ya tambayi numfashi da ƙirji ma, saboda zuciya kan aika ciwonta kafaɗar hagu, hanta kuma ta dama.

Sannan ya ce, "Baba, a taimaka a cire taggo."

Na yunƙura zan taya shi, likita ya ɗaga mini hannu. Ashe cire rigar ma gwaji ne. Ya zuba ido yana kallon yadda Baffa ya fara zare hannun hagu, ya karkata jiki duka, ya ɗage kafaɗar dama har kusa da kunne kafin rigar ta fita. Gaɓar ba ta juyawa, allon kafaɗa ne ke yi mata aikin.

Ya fara da wuya, ya sa shi ya duba sama, ƙasa, dama da hagu, ciwo bai motsa ba. Ya ce ya ɗaga hannun da kansa: ya tsaya daidai ƙirji. Sai ya ce ya saki jiki kamar hannun ba nasa ba, shi ya ɗaga masa a hankali: nan dai ya tsaya. Wannan ɗan bambanci shi ne zuciyar aikin. Tsokoki huɗu ne suka rungume kan kafaɗa suna juya ta. In jijiyar ɗayansu ce ta yage ko ta kumbura, mai ciwo zai kasa ɗagawa amma wani zai iya ɗaga masa. In kuwa jakar da ta lulluɓe gaɓar ce ta yi kauri ta tsuke, ko wa ya ɗaga, a wuri guda za a tsaya. Ya manna gwiwar hannun Baffa a haƙarƙarinsa ya gwada buɗe hannun waje kamar ƙyaure. Da ƙyar ya motsa. Ya rufe ido yana sauraron abin da tafinsa ke gaya masa: tsayawar tana da tauri kamar an ja fata ta kai iyaka, ba irin wadda ciwo ke sa mutum ya fizge tun ba a kai ko'ina ba. Daga ƙarshe ya bi ƙashin da ɗan yatsa, daga ƙashin wuya zuwa allo zuwa dantse, yana ƙwanƙwasawa a hankali yana kallon fuskar Baffa, ba kafaɗar ba.

Duk alamu sun nuna sandarewar gaɓa ce. Amma ya ce ba zai fara komai ba sai an ɗauki hoton ƙashi an kai wa likitan kansar ya gani, ya haɗa da sakamakon PSA na ƙarshe. Raina ya ɗan sosu, na ga kamar jan rai ne. Sai ya ba ni labarin wani dattijo da aka kawo masa da irin wannan kuka, amma da ya taɓa kan dantsen sai mutumin ya yi ƙara, ga shi hannun yana juyawa lafiya in an juya masa. Bai gasa ba, bai ja ba, rataya ya yi masa ya mayar da shi wurin likitocinsa. Hoto ya fito da farin tabo a ƙashin, irin wanda wannan kansa ta saba bari. Irin wannan ciwo gashin haske ake yi masa, sau da yawa zama ɗaya tak yana kawo sauƙi, kuma asibitin koyarwa na Sakkwato yana cikin 'yan tsirarun asibitocin ƙasar nan da ke da wannan sashe. Abin dariya, duka biyun "gashi" muke ce musu, na kansa da na ƙashi, har wasu kan ɗauka tsumma da ruwan zafi a gida zai wadatar. Zafi da tausa mai ƙarfi kuwa ba a kai su inda ƙari yake.

Hoton Baffa ya fito ƙalau, likitan kansa ya ba da izini, aka shiga aiki. Kayan aikin duk na gidan ne. Da farko ya sa shi ya dafa kujera da hannun hagu, ya sunkuya, ya saki na dama yana lilo kamar guga a bakin rijiya. Wannan dabara ta wani likitan Boston ce, Ernest Codman, wanda a 1934 ya raɗa wa ciwon sunan da Turawa ke kiransa da shi, daskararriyar kafaɗa. Sandar Baffa ta zuwa masallaci ta zama abin tura hannu waje. Tsohon rawani aka saƙalo ta bayan gadon baya, hannun lafiya yana jan mai ciwo sama. Igiya a reshen dogon yaron tsakar gida ta zama abin jan hannu sama. Sai bango: Baffa ya fuskance shi, yatsunsa su riƙa hawa kamar gizo-gizo har inda suka ƙi, a ja layi. Ƙa'idarsa guda ce, a ji miƙewa, kar a ji suka. Ciwon da ya kwana ya wuni bayan motsa jiki, an wuce gona da iri ke nan, gobe a rage.

Bai tsaya ga kafaɗa ba. Ya sa shi tashi da zama daga kujera sau goma ba tare da dafa komai ba, da tattaki bayan asuba kafin ranar Sakkwato ta buɗe ido, domin allurar da ke cin tsokar dantse tana cin ta cinya, faɗuwa ɗaya kuwa ta isa ta karya ƙugun da ya rage ƙwari. Sana'ar tasu ba sabuwa ba ce a ƙasar nan, tun 1945 aka fara ta a asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, Jami'ar Ibadan kuma ta fara karatun digirinta a 1966, amma har yau a unguwanninmu sai an samu mai shanyewar ɓarin jiki ake tunawa da su.

Bai yi wa Baffa alkawarin sati biyu ba. Ya gaya masa gaskiya cewa irin wannan kafaɗa kan ɗauki shekara, wani lokaci biyu ko fiye, kuma akwai watan da layi ba zai motsa ba. An yi watan kuwa. Baffa ya yi fushi ya ce a goge gawayin, likita ya ce, "Baba, a bar shi, shi ne shaidata." Kuma duk zuwan da zai yi, kafin ya taɓa hannun, sai ya maimaita tambayoyin ranar farko, ya sake bin ƙashin da yatsa, don hoton watan jiya ba ya rantsuwa a kan na yau.

Ran Juma'ar da ta wuce na tsaya bayan Baffa a sahu. Da liman ya yi kabbara na ga hannayensa biyu sun tashi tare har kunne, na dama ya ɗan makara kaɗan. Naɗe hannun babbar riga bisa kafaɗa dai har yanzu da hagu yake yi. Likita ya sa masa hannun hagun a bango ya ja layi da alli, can sama da na gawayin, saura kamar yatsu huɗu.