Kwalliyar Faris Da Hawayen 'Yan Haya

Da an ambaci birnin Faris na ƙasar Faransa, abin da ke faɗo mana a rai shi ne turare, da manyan titunan nan masu bishiyoyi reras da muke gani a kalanda. To yau titunan nan da lambunan garin nake so mu ɗora a sikeli.

Da can tsakiyar Faris lunguna ne matsattsu, ga duhu ga warin kwata. A 1832 kwalara ta kashe mutum sama da 18,000 a garin. A 1853 sai Sarki Napoleon na Uku ya damƙa ragamar birnin a hannun wani jami'i mai suna Haussmann, ya ce ya buɗe shi iska ta shiga. Shekara 17 mutumin nan ya yi yana rushewa yana ginawa.

Yabon gwani ya zama dole. An tsaga tituna masu faɗi, an dasa itatuwa gefe da gefe, an jawo ruwan sha mai tsabta daga nesa, an haƙa magudanai a ƙarƙashin ƙasa. Injiniya Alphand ya tsara manyan lambuna huɗu: Boulogne a yamma, Vincennes a gabas, Montsouris a kudu, sai Buttes-Chaumont ta wajen arewa. Wannan na ƙarshen shi ya fi burge ni, don da can wurin fasa dutse ne da juji, a unguwar leburori, aka mai da shi lambu mai tafki da gada, aka buɗe shi a 1867. Ga kuma ƙananan lambunan unguwa masu benci, inda uwa za ta zauna ta huta yara na wasa a gabanta. Duk matar da ta taɓa raino a ɗaki ɗaya ta san darajar wannan.

Amma fa 'yar uwa, titi ba ya fitowa sai ya ci gidan wani. Gine-gine kusan 20,000 rusau ya cinye. Diyya mai tsoka ta masu gida ce da manyan 'yan kasuwa, talaka ɗan haya kuwa sai ya ɗaure tsummokaransa ya ƙara gaba. Sababbin benayen da aka jera a bakin titunan kuɗin hayarsu ya fi ƙarfinsa, dole ya koma gefen gari, unguwanni irin su Belleville. Tsibirin da ke tsakiyar kogin garin, wanda da yake cike da jama'a, an kwashe yawancin mazaunansa an gina asibiti da bariki da kotu.

Allah sarki! Ki ƙiyasta mai wankau da aka raba da maƙwabtanta da masu ba ta aiki. Kullum sai ta yi doguwar tafiya da ƙullin kaya, ta bi ta kan titin da ya haɗiye ɗakinta. Inuwar itatuwan nan ta zame mata inuwar giginya, na nesa ka sha.

Tun a lokacin ma masu suka sun ce an faɗaɗa titunan ne har don sojoji su riƙa wucewa da sauƙi in talakawa sun yi bore. Bashin da aikin ya tara kuwa shi ya jawo aka sauke Haussmann a farkon 1870.

Ni dai a ganina aikin ya yi kyau, amma kwalliya ba ta biya wa talaka kuɗin sabulu ba. Da an fara gina wa mutanen nan matsuguni kafin a ɗaga gatari, da babu abin cewa. Saboda haka duk ranar da kika ji ana shelar za a ƙawata gari, kafin ki rangaɗa guɗa ki tambaya: matan da ke zaune a wurin, ina za su kwana?

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.