Malamar Rawar Da Ba Ta Nuna Taku

Duk wanda ya leƙa ajin Margaret H'Doubler a Jami'ar Wisconsin ta Amurka da zaton zai ga malama a gaba tana takawa, ɗalibai na kwaikwayo, zai sha mamaki. 'Yan mata zai tarar kwance a ƙasa, wani lokaci da ƙyalle ɗaure a idanunsu, ga ƙwarangwal ɗin mutum a gefe, malamar kuma tana jefa musu tambayoyi. Haka ta koyar da rawa daga 1917 har ta yi ritaya a 1954, alhali ita ba 'yar rawa ba ce.

An haife ta a jihar Kansas a 1889. Ilimin halittu ta karanta, ta gama a 1910, jami'ar ta riƙe ta tana koyar da wasannin motsa jiki, kuma ƙwallon kwando ne abin da ta fi ƙauna. Da za ta tafi ƙaro karatu a Jami'ar Columbia da ke New York a 1916, sai shugabar sashensu, Blanche Trilling, ta ɗora mata aikin da ba ta so: ta nemo irin rawar da ta cancanci a koya wa ɗalibar jami'a. Ta zagaya makarantun rawa na birnin, ko'ina kwaikwayon malami kawai take gani. Sai a ajin Alys Bentley, wata malamar kiɗa da ke sa ɗalibanta su fara motsi daga kwance, ta ga abin da take nema.

Wanda bai san ƙashi da tsoka ba, wataƙila ya ɗauki kwanciyar nan wasan yara. H'Doubler kuwa nan take ta gane amfaninta. Mutum in yana tsaye, jikinsa ya shagala da riƙe kansa kada ya faɗi, tsokokin ƙafa da na baya duk suna cikin aiki, ba zai iya tantance wace gaɓa ce ke yin me ba. In ya kwanta, ƙasa ta karɓe masa nauyin. A nan ne zai ji yadda allon kafaɗa ke zamewa in ya miƙa hannu, da yadda ƙugu ke jan ƙashin baya in ya juya. Ƙyallen ido kuma yana hana ɗaliba satar kallon ta kusa da ita, dole ta saurari nata jikin. Daga kwanciya sai mirgina, sai rarrafe, sai zama, sai a miƙe a shiga tafiya da gudu da tsalle, ana bin bugun ganga. Da rarrafe yaro kan tashi, ita kuwa sai da ta mai da manyan 'yan mata ga rarrafen.

Ƙwarangwal ɗin ma ba ado ba ne. Takan nuna musu yadda aka ƙera gwiwa don ta lanƙwashe ta fuska guda, da yadda kan ƙashin cinya ke juyawa cikin gurbinsa ta kowane ɓangare, sannan ta bar su su nemo hakan a jikinsu. Gwanintar tana cikin tambayar. In ta yi faɗi da yawa, ɗaliba ta rasa ta inda za ta fara. In ta yi ƙunci, ta zama umarni, kowa ya yi abu iri ɗaya. Ga kuma haƙurin yin shiru. Malamin da ya ga ɗalibi na lalube, jikinsa har ƙaiƙayi yake ya ce “duba, haka ake yi”, kuma a ganina danne wannan ƙaiƙayin ya fi iya taka rawar wuya.

Tsarin ya samu karɓuwa. A 1918 ita da ɗalibanta suka kafa ƙungiyar rawa mai suna Orchesis, wasu jami'o'i suka kwaikwaya. A 1926 Wisconsin ta zama jami'ar farko a Amurka da ɗalibi zai iya ɗaukar rawa a matsayin babban fannin digirinsa, kuma manhajar cike take da kimiyyar jikin ɗan Adam. A shekarar ce kuma 'yar rawa Martha Graham ta kafa ƙungiyarta a New York, inda ake horar da jiki a kan salo guda don hawa dandamali. Mai neman ƙwararrun 'yan wasa can zai nufa, domin H'Doubler ba taurari take ƙerawa ba. Ta sha tasirin John Dewey, mai ganin cewa mutum yana koyo ne ta hanyar yi da kansa, don haka burinta kowace ɗaliba, ko mai baiwa ko marar baiwa, ta san jikinta. Duk da haka daga ajinta Anna Halprin ta fito, wadda daga baya ta sauya alƙiblar rawa a Amurka, wasu ɗaliban kuma suka bazu suna buɗe sassan rawa a makarantu.

H'Doubler ta rasu a 1982 tana da shekara 92. Ɗakin wasan da ke ginin Lathrop, inda ta koyar a birnin Madison, sunanta yake ɗauke da shi a yau.