Tsokaci a Kan Kalmar "Operable" da Yadda Ake Fassara Ta Zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan kalmar Ingilishi "operable", da irin riƙon sakainar kashin da wasu masu fassara da tafintocin asibiti ke yi mata.

2.0 Asali da Ma'ana

Saiwar kalmar daga Latin take, wato "operari", mai nufin yin aiki, sai aka liƙa mata ɗafa-ƙeyar "-able" mai nuna yiwuwar abu. Ma'anoninta biyu ne. A bakin makaniki, tana nufin injin da ake iya aiki da shi. A bakin likita kuwa, tana nufin ciwon da ake iya yi wa tiyata, kamar ƙarin da bai bazu ba.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Matsalar ta fi fitowa fili a kishiyar kalmar, wato "inoperable". Sau da yawa akan fassara ta da "ba ya warkewa" ko "ba shi da magani". Wannan kuskure ne babba. Abin da likita ya kore shi ne wuƙa kawai, domin ciwon dajin da ba a iya fiɗa akan yi masa gashi ko a ba da magunguna. Majinyacin da aka ce wa ciwonsa ba shi da magani yana iya naɗe tabarmarsa ya koma gida, alhali da sauran dama.

Abin mamaki shi ne, Hausa ba ta rasa hanyar faɗin wannan ma'ana ba. Kalmar "aiki" ita ma fuska biyu gare ta, domin Bahaushe kan ce "injin yana aiki", ya kuma ce "an yi masa aiki". Haka nan aikatau ɗan aji na bakwai, a rabe-raben da Parsons ya yi a 1960, yakan nuna yiwuwa: rediyo yana gyaruwa, riga ba ta ɗinkuwa. Wannan shi ne takwaran "-able".

4.0 Kammalawa

Saboda haka, fassarar da ta dace a asibiti ita ce "aiki yana yiwuwa" ko "tiyata ba ta yiwuwa". Wajibi ne mai fassara ya fara tantance bakin da kalmar ta fito, na makaniki ne ko na likita, kafin ya buɗe nasa.