"Ka zama careful": da wa, da mi?

Ƴan uwa, a fitowar ɗan littafin ga da ta wuce, rubutu uku sun ɗauko kalma guda ta Ingilishi. Cikin wani gajeren labari, uwa ta ce ma ɗiyarta "ki zama careful da samarin birni". Mai rubutu kan zambar salula ya rufe da "mu zama careful". Na ukun ma da hannun lakwal ya rubuta ta, kèrfoul, don kada a manta Faransanci munka karanta. Ba sunan kowa za ni kira ba, kalmar nike so mu duba.

Inda ta biyo ba ɓoyayye ba ne. Daga Maraɗi ka bi Ɗan Isa, sai Jibiya, sai Katsina. Finafinan Kano da muryoyin WhatsApp kuwa ba su tsayawa a iyaka. Ga shi kuma tun Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki, sai wasunmu sunka ɗauka an ba su izinin yayyafa Ingilishi ko'ina. Ni ban da faɗa da aro. Mota da tebur da asibiti daga Ingilishi sunka zo, lakwal da kaye da mushe daga Faransanci, hankali kanta asalinta Larabci ne. Amma waɗannan sun shigo sun durƙusa: mota ta zama mace, ta haifi motoci, ana cewa motata, motarka. Careful fa, wane giɓi ta tarar?

Babu. Gida cike ta iske, ta kori mutanen ciki. Ku je Jiratawa lokacin noman rani ku saurari mai lambu. Yaron da ke ɗauke da kwandon tumatir, "a hankali" za a ce mishi, don kada ya fashe su. Wanda zai fesa maganin ƙwari, "ka kula da iska, ka rufe hanci". Wanda ya nufi gulbi da damina, "hattara!", da ƙarfi, don haɗarin yana gabanshi yanzu yanzu. Dillalin da ba a san shi ba, taka-tsantsan ake yi da shi. Amarya kaffa-kaffa take da uwar miji, baƙo yana ɗari-ɗari a gidan da bai saba ba, mai tsantseni kuwa haram yake gudu ko ba mai ganin shi. Kowace kalma tana faɗa maka irin haɗarin, da kusancinshi, da abin da za ka yi da jikinka. Careful ta kwashe su duka ta zuba buhu guda. Marubucin da ya ɗauke ta ya huta da tambayar kanshi wace ce daga ciki yake nufi, kuma wanga hutu shi ne abin da nike zargi.

Sai ginin jimla, inda mu ƴan ilimin harshe muke da ɗan abin faɗi. Siffofin Hausa na asali ba su da yawa: babba, ƙarami, sabo, dogo, fari, baƙi da ƴan uwansu, kuma galibinsu suna bin jinsi da adadi, sabo, sabuwa, sababbi. Halin mutum kuwa da suna muke faɗin shi, ko mu haɗa da "yi", ko da "mai": ya yi haƙuri, mai haƙuri. Shi ya sa in na ji ɗan kabu-kabu ya ce "ka yi careful" ba ya tada mini hankali sosai. Bakinshi ya riga ya maida kalmar suna, Hausa ta fara niƙa ta. "Ka zama careful" ita ce matsala, domin jimlar Ingilishi ce sanye da rigar Hausa. A wurinmu zama sauyawa ne, yaro ya zama malami, ruwa ya zama ƙanƙara. Ba a ce ma mai ƙetare titi ya zama wani abu, ce mishi ake ya duba.

Abin dariyar, ko an cire kalmar ƙashin yana nan. Wani zai ce ya gyara, ya rubuta "ka zama mai hankali". To wanga ba gargaɗi ba ne, zagi ne. Faɗa ma yayanka haka ka gani. "Yi hankali" na nufin akwai rami gabanka. "Zama mai hankali" na nufin har yau ba ka da shi.

Mu koma ga uwar nan ta labari. Marubucin ya ce ƴar Tibiri ce, kusa da fadar Sarkin Gobir, ba ta taɓa shiga aji ba. Da ta buɗe baki da careful sai na daina jin ta, ɗalibin da ya rubuta ta nike ji. Da ɗiyar ce ta faɗi haka a saƙo ga ƙawarta, da ban ce komi ba, don haka ƴan mata ke rubutu, kuma labari na da ikon kwaikwayon bakin mutanenshi.

Rubutun zamba ya fi damuna, domin shi aiki aka so ya yi. Littafin ga ana kai shi gida, ƙane ya karanta ma tsohuwa. Ita da ake kira a ce ɗanta ya turo jikka ashirin, ta faɗi lambar da ta shigo mata, "mu zama careful" ba ta gaya mata komi ba. Abin da take bukatar ji shi ne: kada ki faɗa ma kowa lambar, ki kashe wayar, ki kira ɗan naki da kanki ki tambaye shi.